Tsakanin Faifan Da Ka Mallaka Da Darasin Da Kake Haya



Ya ɗan'uwa mai karatu, akwai wani sauyi da ya auku a fagen neman ilimi cikin shekaru ashirin da 'yan kai da suka shuɗe, wanda da yawa daga cikin matasanmu suka buɗe ido suka tarar an riga an gama shi, don haka ba su ma san an taɓa yin jayayya a kansa ba. Ina nufin darussan koyon sana'a da ake ɗauka a bidiyo. A da ana zuba su ne a kaset, daga baya a faifan CD da DVD, mutum ya biya sau ɗaya ya kai gida ya ajiye. Yanzu kuwa galibinsu suna zaune a cikin manyan kwamfutocin kamfani, kai kuma kana biyan kuɗi duk wata domin a bar maka ƙofa a buɗe. Ranar da ka daina biya, a mayar da ita a rufe. Masu saye ba su karɓi wannan al'amari da baki ɗaya ba. Wasu sun yi murna, wasu sun yi ta ƙorafi har suka gaji suka haƙura. Ni dai na daɗe ina ganin cewa masu ƙorafin nan sun hango wani abu da ya cancanci a tsaya a kansa, ko da yake kasuwa ba ta bi ra'ayinsu ba.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na kamfanin Lynda.com da ke Amurka. Wata malama ce mai suna Lynda Weinman, mai koyar da zane da kwamfuta a jihar Kalifoniya, ta kafa shi tare da mijinta Bruce Heavin a shekarar 1995. Ta fara ne da rubuta littattafai kan yadda ake tsara hotuna domin shafukan intanet, sannan suka buɗe makaranta a wani ƙaramin gari da ake kira Ojai, suna kuma sayar da darussan a kaset da faifai ga wanda ba zai iya zuwa aji ba. Da kasuwar kamfanonin intanet ta durƙushe tsakanin 2000 da 2001, ɗalibai suka ɗauke ƙafa, sai a shekarar 2002 suka zuba darussan nasu a intanet, suka ce duk mai bukata ya biya dala 25 a wata ya kalli abin da ya ga dama.

Mutane ba su yi rububi ba, kuma suna da hujja. A wancan lokaci yawancin gidajen Amurka masu intanet ta wayar tarho suke shiga, wadda iyakar gudunta kilobit 56 ne a daƙiƙa. Bidiyo a kan irin wannan layi sai ya riƙa tafiya yana tsayawa kamar mai ciwon ƙafa. YouTube ma bai zo duniya ba sai 2005. Ga kuma sabo: mutum ya saba idan ya fitar da kuɗi a miƙo masa wani abu da zai riƙe da hannunsa. Amma da layukan intanet masu gudu suka yawaita, sai lissafin ya juya. Manhajojin da ake koyarwa, irin su Photoshop, duk bayan shekara ɗaya zuwa biyu ake fitar da sabon zubinsu, faifan da ka saya bara sai ya wayi gari yana nuna maka maɓallan da aka riga aka sauya musu wuri. Mai biyan wata-wata kuwa, da an sabunta darasi zai same shi ba tare da ƙarin ko sisi ba, kuma da kuɗin da bai kai na faifai guda ba ake buɗe masa rumbun gaba ɗaya. A 2015 kamfanin LinkedIn ya sayi Lynda.com a kan dala biliyan 1.5, a 2016 Microsoft ya sayi LinkedIn ɗin kansa a kan dala biliyan 26.2, aka mayar da darussan ƙarƙashin sunan LinkedIn Learning, aka kuma rufe tsohon shafin a 2021. Idan da yawan kuɗi ake yanke hukunci, to shari'a ta ƙare tun tuni.

Sai dai ƙorafin bai mutu ba, wuri ya sauya. A watan Mayu na 2013 kamfanin Adobe ya sanar cewa daga zubin CS6 ba zai sake sayar da manhajojinsa a kwali ba, sai dai a riƙa biyan kusan dala 50 a wata. Dubban masu zane da masu ɗaukar hoto suka sa hannu a takardar koke a intanet. Wannan manhaja ce ba darasi ba, amma masu sayen biyun mutane ɗaya ne, kuma tambayarsu ɗaya ce: idan na shekara goma ina biya, sannan wata rana aljihu ya yi rauni, me ya rage a hannuna? Kamfanin bai janye ba. Kafin nan, a 2011, Netflix ya raba kuɗin aiko da faifai da na kallo ta intanet, abin da ake biyan dala 9.99 ya koma 15.98 ga mai son duka biyun, kuma cikin wata uku masu hulɗa da shi kimanin 800,000 a Amurka suka fice. Shi ma bai fasa tafiyarsa ba. Ya aika faifansa na ƙarshe a watan Satumba na 2023.

Wannan tambaya ta "me ya rage a hannuna" ita ce ta fi ɗaukar hankalina, domin duk wanda ya zauna a zaure aka biya masa babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid ya san cewa malamanmu sun daɗe da rarrabe waɗannan abubuwa biyu. Ciniki shi ne mallakar da ainihin abu: ya fita daga hannun mai sayarwa ya shiga naka, ka yi yadda ka so da shi, ka sayar, ka bayar kyauta, ka ba da aro, idan ka rasu magada su gada. Haya kuwa mallakar da amfani ne kawai, zuwa wani lokaci sananne, a kan lada sananne, abin kuma yana nan a matsayin na mai shi. Duka biyun halal ne idan sharuɗɗansu sun cika, kuma babu wanda ya taɓa cewa mai zaman gidan haya an zalunce shi don kawai gidan bai zama nasa ba. Saboda haka ba na cikin masu ganin cewa tsarin biyan wata-wata cuta ce a karan kansa. Wanda ya ce maka biya kaza ka kalla na kwana talatin, ya faɗa maka gaskiya, ya rage naka.

Inda gizo ke saƙa shi ne wurin da ake kiran haya da sunan ciniki. Sau nawa mutum ke ganin maɓalli an rubuta "saya" a kansa, ya latsa, a cire masa kuɗi, alhali a can cikin dogon rubutun sharuɗɗa da ba mai karantawa an bayyana cewa lasisi kawai aka ba shi, wanda ake iya janyewa? A 2019 Microsoft ya rufe kantinsa na littattafan intanet, littattafan da mutane suka ɗauka sun saya suka daina buɗuwa; an dai mayar musu da kuɗinsu, amma mai son littafinsa ba kuɗi ya nema ba. Abin ya yi yawa har jihar Kalifoniya ta yi doka a 2024, wadda ta fara aiki a farkon 2025, tana hana kamfani amfani da kalmar saye a kan irin waɗannan kaya sai ya bayyana wa mai biya a fili cewa lasisi ne yake karɓa. Na yi murmushi da na karanta wannan labari. Sanin haƙiƙanin abin da ake ƙulla yarjejeniya a kansa, da nisantar rufa-rufa, darasi ne da ɗalibin fiƙihu yake ɗauka tun gemunsa bai fito ba.

Bari in kawo abin da ya shafe ni. Wajen shekarar 2008 wani ɗan'uwana da ke karatu a Ingila ya sayo mini jerin faya-fayai guda shida na koyon tsara lissafin kuɗi da kwamfuta, na asali, a cikin kwalinsu. Na yi wata huɗu ina bin su ɗaya bayan ɗaya, duk daren da aka kawo wuta. Da na gama, ƙanena ya karɓa. Daga hannunsa suka wuce wurin wani abokinmu mai shagon buga takardu, wanda ya koyar da yaran shagonsa biyu da su. Daga nan wata 'yar'uwarmu matar aure, wadda fita zuwa makarantar kwamfuta ba ta yiwu mata ba a lokacin, ta riƙe su kusan shekara guda, kuma da abin da ta koya a ciki take riƙe da lissafin sana'arta har yau. Kuɗi ɗaya aka biya, mutum shida suka amfana, ba a kwafi ko faifai guda ba, ba a kuma tauye haƙƙin kowa ba, domin aron abin da ka mallaka haƙƙinka ne. Ko a dokar Amurka, tun hukuncin kotun ƙolinsu na 1908 aka tabbatar da cewa wanda ya sayi kwafin littafi na halal yana da ikon sake sayar da shi yadda ya so.

Bayan wasu shekaru kamfanin da ya yi faya-fayan nan ya daina buga su, ya koma tsarin biyan wata-wata. A 2023 na bukaci sabon darasinsu saboda manhajar ta sauya sosai, na shiga shafinsu, na cika komai, na sa lambar katina, aka ce ba a karɓa ba. Ba laifin kowa ba ne a cikinmu: tun 2022 bankunan Nijeriya da dama suka rage abin da katin naira zai iya biya a ƙasashen waje zuwa dala 20 a wata, daga baya ma suka dakatar da shi, kuma sai a tsakiyar 2025 wasunsu suka dawo da shi. Ga kuma faɗuwar naira. Dalar da gwamnati ke canzarwa a kan kimanin naira 460 a watan Mayu na 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Wato dala 25 ta tashi daga naira 11,500 zuwa sama da 37,500, fiye da rabin mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a wannan shekarar. Ba a yi maganar kuɗin data ba tukuna. Faifai idan ya shigo gida ya shigo ke nan, ba ruwansa da canjin dala, ba ruwansa da ƙarfin sabis. A nan na fahimci abin da Bahaushe yake nufi da guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Abin da ya fi yi mini zafi ma ba kuɗin ba ne, ita wannan silsila ta aro ce da ta yanke. Asusun da kake biya wa kuɗin wata sunanka ne a kai, kuma galibin kamfanonin sun shar'anta cewa kai kaɗai za ka yi amfani da shi. Na san abin da matasa ke yi: mutum biyar su haɗa kuɗi, ɗaya ya yi rajista, a raba kalmar sirri. Ba ni da matsayin ba da fatawa, amma mutumin da ya latsa "na yarda" a kan sharaɗi ya ɗauki alkawari, kuma ba na jin nisan kamfani ko yawan dukiyarsa suna sauke alkawari daga wuyan wanda ya ɗauka. To ka ga inda aka kai mu: aikin alherin da na yi da faifai hankalina kwance, yau idan na yi irinsa da asusu sai zuciyata ta yi ta ɗar-ɗar. Faifai ana iya ajiye shi a ɗakin karatu na masallaci ko na makarantar Islamiyya a matsayin hubusi, kamar yadda magabata suka riƙa yi da littattafansu, mai shi ya rasu ana ci gaba da amfana. Yaya za ka yi hubusi da abin da zai ɓace idan wata ya mutu?

Duk da haka, adalci ya wajabta a saurari ɗaya ɓangaren. Duk wanda ya san kasuwannin faya-fayai na garuruwanmu a shekarun 2000 ya san cewa mafi yawan darussan da ake shimfiɗawa a tebur kwafi ne na sata. Malamin da ya ɓata watanni yana shiryawa ko kwabo ba ya isa gare shi. Masu shirya fina-finan Hausa a Kano sun ɗanɗani irin wannan, su ma za su ba da labari. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na biyar da ta yi a Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ta kare, ba ya halatta a yi musu ta'adi. Don haka wani ɓangare na ƙofar da aka rufe mana, masu kwafi ne suka jawo a rufe ta. Kuma biyan malami lokaci bayan lokaci ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Wanda ya yi makarantar allo ya san kuɗin Laraba. Bambancin kawai shi ne, yaron da bai kawo kuɗin Laraba ba, ba a bin sa gida a wanke masa allonsa.

Shi kansa faifan ba waliyyi ba ne. Yana karcewa, ƙurar hunturu tana kashe idon na'urar da ke karanta shi, zafin rana yana lanƙwasa shi, kuma wanda ka ba aro yana iya mantawa da hanyar gidanka. Tun da Apple ya fitar da MacBook Air a 2008 ba tare da gurbin faifai ba, sauran kamfanoni suka bi sahu sannu a hankali, har ya zama yau da wuya ka sami sabuwar kwamfutar cinya mai wurin sa shi. Mallakar abin da ba ka da na'urar buɗe shi ita ma mallaka ce mai rauni. Kuma ga yarinyar da ke wani ƙauye da wayar hannu kawai, wadda ba ta da ɗan'uwa a Ingila, darasin intanet ya kai mata abin da faifai bai taɓa kai mata ba.

Akwai kuma abin da masu ƙorafin farko ba su ma kawo a ransu ba, sai daga baya ya bayyana. Faifai ba ya sanin wanda ke kallonsa. Darasin intanet kuwa yana rubuta sunanka, da abin da ka kalla, da inda ka tsaya, da ƙarfe nawa ka buɗe. A 2019 LinkedIn ya sanar cewa masu amfani da darussan Lynda ta hanyar ɗakunan karatu na gwamnati a Amurka sai sun buɗe asusu a shafinsa kafin su ci gaba. Ƙungiyar ma'aikatan ɗakunan karatu ta Amurka ta fito ta yi tir, tana mai cewa abin da mutum ke karantawa sirrinsa ne. Shugaban ɗakin karatu na jihar Kalifoniya ya shawarci ɗakunan jihar su daina hulɗa da darussan, wasu kuma suka soke yarjejeniyarsu. Daga baya kamfanin ya janye sharaɗin. Wannan na daga cikin wurare ƙalilan da na san ƙorafi ya yi tasiri, kuma ina ganin dalilin a fili yake: masu ƙorafin sun haɗa kai, kuma su ne masu biyan kuɗi mai yawa a dunƙule.

Ƙofar da ke hannun wani kuwa, siyasa ma tana iya rufe ta. A watan Janairu na 2014 Coursera ya toshe ɗalibai da ke Iran da Kuba da Sudan saboda takunkumin Amurka. Ɗalibin da ke Khartum ya kwanta yana tsakiyar darasi, ya tashi ya tarar ba shi da izinin shiga, ba don ya yi wani laifi ba. A watan Oktoba na 2019 Adobe ya sanar da masu hulɗa da shi a Benezuwela cewa zai rufe asusunsu saboda umarnin shugaban Amurka, sai da gwamnatin ta ba shi izini na musamman sannan ya fasa. Wanda ke da tsohon kwalinsa a kan kanta, wannan sanarwa ba ta shafe shi ba.

Abu na ƙarshe da nake yawan juyawa a raina ya shafi yadda ake karatun ne. Lokacin da faya-fayai shida ne kaɗai a hannuna, na maimaita na ukun ya fi sau biyar, don babu wani wurin zuwa. Yau idan ka biya kuɗin wata, ana buɗe maka darussa dubbai a lokaci guda, kwanaki kuma suna ƙirguwa a kanka, sai zuciya ta riƙa raya maka cewa ka leƙa nan ka leƙa can don kada kuɗinka ya tafi a banza. Na ga matasa da dama da suka fara darasi goma sha ba su kai ko ɗaya ƙarshe ba. Malaman zaure ba sa ba ɗalibi Iziyya sai ya sauke Ahalari da Ishmawi, kuma ba rowa ce ta sa su haka ba. Kamfani kuwa bukatarsa ka sabunta biya a ƙarshen wata. Ko ka gama darasi ko ba ka gama ba, lissafinsa ɗaya ne.

Ƙanena da ya gaji faya-fayan nan yanzu shi ma koyarwa yake yi, kuma ga yadda ya tsara wa ɗalibansa idan za su biya kuɗin irin waɗannan darussa. Ba sa yin rajista sai sun zaɓi darasi guda tak sun rubuta sunansa. Suna duba ko shafin yana barin a sauke bidiyo a kalla ba tare da intanet ba, tare da sanin cewa ko an sauke, galibi yana daina buɗuwa idan kuɗi ya ƙare. Suna kashe sabuntawar da ke cire kuɗi da kanta tun ranar farko. Sannan kowannensu yana da littafin rubutu mai kauri, duk abin da malamin bidiyo ya nuna sai ya tsayar ya rubuta shi da hannunsa, mataki bayan mataki, har da zanen inda maɓalli yake. Na ga ɗaya daga cikin littattafan nan kwanakin baya a hannun wani yaro da ban sani ba; na tambaye shi inda ya samo, ya ce aro aka ba shi, kuma akwai mutum biyu da ke jiran ya gama.